Ɗalibi ya zana gida, amma wa zai kwana a ciki?

Duk ƙarshen zangon karatu, a sassan da ake koyar da tsarin gidaje da ƙawata cikin ɗaki, akwai ranar da ɗalibai ke liƙa zane-zanensu a bango, su jera 'yan gidajen da suka haɗa da kwali a kan tebura, su riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna kare aikinsu a gaban malamai. An sha gayyata ta irin wannan zama a matsayin ɗan sana'a daga waje, kuma ban taɓa ƙin zuwa ba, domin ina son ganin fuskar yaro lokacin da yake bayanin abin da ya kwana uku bai runtsa ba a kansa. Sai dai duk zuwan da na yi, da damuwa ɗaya nake komawa gida, kuma tushenta takardar nan ce da aka miƙa wa ɗaliban tun farkon zango, wadda aka rubuta musu aikin da za su yi.

Abin da ke cikin takardar ba ya cika sauyawa. Ko dai a ce ɗalibi ya zana gidan da yake mafarkin mallaka, ko a ƙirƙiro masa wani attajiri mai neman gida mai ɗakuna biyar da falo biyu da wurin ninƙaya. Ba a nuna fili ba, balle a san ta ina rana ke fitowa da ta ina iska ke kaɗawa. Ba a yanka kuɗin da za a kashe ba. Attajirin nan kuwa tunda babu shi a duniya, ba ya musu, ba ya cewa abu ya yi tsada, gwiwarsa ba ta ciwo idan ya hau bene, ba shi da jariri mai rarrafe da zai cusa yatsa a soket. Ɗalibi zai yi makonni goma sha biyu yana yi wa wanda ba ya numfashi hidima, a ba shi maki mai kyau, ya fita da tunanin cewa ya iya tsara wa mutane muhalli.

A wani zama wata ɗaliba ta nuna mana aikinta, kuma gaskiya ya ƙayatar. Hotunan da ta fitar a kwamfuta sai ka rantse an gina gidan an ɗauke shi da kyamara, hasken yamma na sauka a kan tayil, labule kamar iska na motsa shi. Na tambaye ta, “'Yata, faɗin ƙofar banɗakin nan nawa ne?” Ta duba taswirar ta ce santimita 60. Na ce ciki take buɗewa ko waje? Ta ce ciki. Na ce, “To idan tsoho ya zame ya faɗi a bayan ƙofar, ta ina za a shiga a ɗauko shi?” Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan cikin ladabi ta ce, “Malam, ai ba a ce mana akwai tsoho a gidan ba.” Kuma ta fi ni gaskiya. Abin da aka tambaye ta shi ta kawo, ta ma kawo shi da kyau. Wanda ya rubuta takardar shi ya cire tsohon daga gidan tun kafin ta ɗauki fensir.

Tambayar ba daga littafi na samo ta ba. Mahaifina ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki a shekarunsa na ƙarshe, kuma gidan da muke haya a lokacin ƙofar banɗakinsa ba ta wuce faɗin da ɗalibar nan ta zana ba. Keken guragu ba ya shiga. Kullum sai mutum biyu sun tallafe shi daga bakin ƙofa zuwa ciki, kuma na sha ganin kunya a idonsa, shi da ya goya mu muna yara. Wanda ya tsara gidan ban san shi ba, ba na kuma zarginsa da mugunta. Na fi kyautata zaton cewa shi ma irin takardar nan aka ba shi a makaranta. Santimita 20 ko 30 da zai ƙara wa ƙofar da ba za su ci masa komai ba a ranar zane, amma mu sun ci mana shekaru.

Ƙa'idojin tsara wa irin mahaifina gida sanannu ne. Ƙofar da keken guragu zai wuce tana buƙatar sarari kimanin santimita 80 zuwa sama, kekensa kuma yana buƙatar da'ira mai faɗin mita ɗaya da rabi kafin ya juya. Gangaren da za a hau da shi, duk tashin santimita ɗaya sai an ba shi tsawon santimita 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna rayuwa da wata babbar nakasa. Ka ƙara tsofaffi da masu juna biyu da ƙananan yara da wanda ya karye yana dogara sanda, za ka ga da wuya a sami gidan da babu ɗaya daga cikinsu. Ronald Mace, maginin Amurka da shan inna ya kama yana ɗan shekara tara ya ƙare rayuwarsa a kan keke, shi ya yaɗa tunanin a tsara abu yadda kowa zai iya amfani da shi ba sai an yi masa kwaskwarima ba, kuma a 1997 shi da abokan aikinsa a jami'ar jihar North Carolina suka fitar da ƙa'idoji bakwai a kan haka. Ana karanta wa ɗalibai su a aji, suna haddacewa, suna rubutawa a jarrabawa. Amma idan aka zo aikin zane, inda ilimi ke shiga hannu, sai a ba su mutumin da ba ya tsufa.

Wannan mutum marar tsufa yana da tarihi a sana'ar. A shekarun 1940 shahararren mai zanen gini Le Corbusier ya ƙirƙiro ma'aunin da ya kira Modulor, ya gina shi a kan jikin namiji mai tsawon mita 1.83, wanda idan ya ɗaga hannu zai kai mita 2.26. Ma'auni ne mai tsari, an kuma yi manyan gine-gine da shi. Amma mata nawa ne suka kai wannan tsawo? Kabad ɗin kicin da aka rataya daidai hannun wannan dogon namiji, mai girkin da za ta yi amfani da shi sai ta taka kujera. Ɗalibin da bai taɓa riƙe tef ya auna hannun mutum na gaske ba, adadin littafi zai kwafa, kuma ba zai san cewa adadin jikin wani ne ba.

Abin da nake kira a yi, wato a fara zane daga mutanen gaske da yadda suke rayuwa, ba sabo ba ne. A 1926 Margarete Schütte-Lihotzky, 'yar ƙasar Ostiriya, ta tsara kicin domin gidajen ma'aikata da ake ginawa a birnin Frankfurt na Jamus. Ɗan ɗaki ne mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4. Kafin ta zana shi sai da ta yi nazarin yadda mai girki ke kai-komo, taku nawa daga murhu zuwa wurin wanke-wanke, minti nawa kowane aiki ke ci, ta kuma duba yadda ake girki a matsattsen kicin na jirgin ƙasa. An yi irin wannan kicin kusan dubu goma, kuma yawancin kicin ɗin zamani mai jeren kabad a jikin bango jikansa ne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya. Matan da suka shiga gidajen sun yi ƙorafi cewa ɗakin mutum ɗaya kawai yake ɗauka, ya raba su da sauran mutanen gida, ba sa iya sa ido a kan yara suna girki. Ga wadda ta auna komai da agogo, amma duk da haka akwai abin da sai mai zama a ciki ya faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka Hassan Fathy, mai zanen gini na Masar, mutumin da ya ƙaunaci talakawa ya kuma san darajar ginin ƙasa, ya gina ƙauyen Sabuwar Gurna kusa da Luxor a tsakiyar shekarun 1940, amma da yawa daga mutanen da aka gina dominsu suka ƙi tarewa, saboda abincinsu yana tsohon wurin, kuma ba su suka nemi a tashe su ba. Idan waɗannan gwanaye sun yi tuntuɓe a kan mutanen gaske, me muke tsammani daga yaron da bai taɓa zama da ko ɗaya ba?

Da ni ke rubuta takardar aikin farko, ga abin da zan sa. Kowane ɗalibi ya nemo ɗaki ɗaya da wani ke rayuwa a cikinsa yanzu, ya nemi izinin mai ɗakin, ya auna shi da tef bango zuwa bango, tsayin taga daga ƙasa, inda kowane soket yake, ta inda ƙofa ke buɗewa. Ya zauna a ciki da safe, ya dawo da rana tsaka, ya sake dawowa da dare, ya rubuta inda haske ke faɗawa da lokacin da zafi ke taruwa. Ya tambayi mai ɗakin abin da ke ba shi wahala, ya kuma lura da abin da bai faɗa ba, kamar kayan da aka jibge a bayan ƙofa saboda babu ma'ajiya, ko kujerar da kowa ke buge ƙafa da ita. Sannan a yanka masa kuɗi kaɗan, kaɗan sosai, a ce ya gyara ɗakin a cikinsu. Ya je wurin kafinta da mai fenti da mai wayarin ya ji farashi da kunnensa, ya kawo lissafi a rubuce. Ranar kare aiki kuma a gayyato mai ɗakin ya zauna tare da malamai, a tambaye shi ko zai yarda a yi masa abin da aka zana.

Ƙarancin kuɗin nan shi ne malamin da ya fi kowa. Duk wanda aka sakar wa aljihu zai iya ƙawata falo, ya zuba dutse mai sheƙi da fitilu masu reto. Gwaninta tana bayyana ne ranar da aka ce kuɗin ba za su isa a yi duka ba, zaɓi abin da za ka bari. A garin Iquique na ƙasar Chile, a farkon shekarun 2000, an ba mai zanen gini Alejandro Aravena da abokan aikinsa tallafin gwamnati na dala 7,500 a kan kowane iyali, a ciki za a sayi fili a kuma yi gini, domin iyalai kusan ɗari. Kuɗin ba za su gina cikakken gida mai kyau ba. Sai suka gina wa kowa rabin gida, rabin da ke da wuyar yi, wato ginshiƙai da kicin da banɗaki da matakala, suka bar sarari a gefe wanda mai gida zai cike da kansa idan ya samu hali. Wannan dabara ba za ta taɓa faɗo wa wanda aka ce ya zana gidan mafarkinsa ba, domin matsi ne ya haife ta. Aravena ya karɓi kyautar Pritzker a 2016, wadda ita ce mafi daraja a fannin zanen gini.

Kada a ce ɗalibi ya yi ƙanƙanta da aikin gaske. Diébédo Francis Kéré yana ɗalibi a Berlin ya tsara makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a Burkina Faso, aka gama ta a 2001 da tubalin ƙasa da hannun mutanen ƙauyen, ya ɗaga rufin kwano sama da silin yadda iska za ta ratsa ta kwashe zafi. Ya san zafin ajin da ba shi da iska domin ya zauna a irinsa yana yaro. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker. A Amurka kuma, tun 1993 Samuel Mockbee da D. K. Ruth suka kafa Rural Studio a ƙarƙashin jami'ar Auburn, inda ɗalibai ke tarewa a yankin Hale na jihar Alabama, ɗaya daga yankunan da talauci ya yi wa katutu, su tsara gida su kuma gina shi da hannunsu domin iyalin da suka sani da suna. Tun kafin su, makarantar zane da ƙira ta Bauhaus da Walter Gropius ya buɗe a birnin Weimar na Jamus a 1919 ta tura ɗalibanta ɗakunan kafinta da saƙa da ƙira, kuma gidan gwaji da ta nuna wa jama'a a 1923 ɗalibai ne suka yi yawancin kayan cikinsa, har da ɗakin yara da Alma Buscher ta tsara.

Na san abin da malamai za su ce, domin sun faɗa mini, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Na farko, aikin mafarki yana buɗe tunani, yaron da aka ɗaure da kasafi tun ranar farko zai iya tashi a tsorace, ba ya iya hango abin da ya wuce abin da ya saba gani. Na yarda da wannan har zuwa wani wuri, kuma ban ce a soke shi ba. A bar aiki ɗaya ko biyu na sakin linzami a cikin shekarun karatu. Abin da nake ƙi shi ne ya zama shi ne abincin yau da gobe, aikin gaske kuma ya zama na marmari. Na biyu ya fi nauyi. Malami ɗaya da ɗalibai sittin ko tamanin ba zai iya bin kowa ɗakin da ya auna ba, kuma takarda ɗaya mai attajiri ɗaya ta fi sauƙin dubawa. Wannan matsalar hukumar makaranta ce, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa malami ita shi kaɗai. Amma ana iya raba aji rukuni-rukuni na mutum huɗu, kowane rukuni da ɗaki ɗaya, muddin kowa zai kawo nasa zanen da nasa lissafin, don kada mutum ɗaya ya yi aiki uku su ci maki. Ba ma sai an je nesa ba: ɗakin kwanan ɗalibai, ɗakin jira na asibitin makaranta, ɗakin mai gadi, duk ɗakuna ne da mutane ke wahala a cikinsu kullum.

Akwai kuma wata fargaba da ni kaina nake da ita. Idan aka ce ɗalibai su shiga gidajen masu ƙaramin ƙarfi, kada talaka ya zama abin gwaji, a ɗauki hoton shimfiɗarsa a liƙa a bango, a sa masa rai da gyara, zango ya ƙare kowa ya watse. Dole a gaya wa mai ɗaki gaskiya tun farko, zane kawai za a yi ko har da aiki, kada a ɗauki hoto sai da yardarsa, kuma a bar masa kwafin zanen da lissafin ya riƙe. Koyon wannan ladabi ma wani ɓangare ne na sana'ar, domin duk wanda zai tsara cikin gida sai ya ga sirrin mutane.

Sai maganar maki, wadda ita ce linzamin komai. Ɗalibai ba wawaye ba ne, abin da ake ba maki shi suke yi. Idan suka ga wanda ya kawo hoto mai ƙyalli shi ke zuwa na ɗaya, kowa zai kwana a kan hoto. Hoton kuma yana bin ƙarfin kwamfuta da tsadar takardar da aka buga shi, don haka ɗan mai hali ya riga ya yi gaba tun kafin a duba tunanin kowa. Na ga yaron da ya zana taswirarsa da hannu saboda kwamfutarsa ba ta iya ɗaukar manhajar, tsarinsa ya fi na kowa ma'ana a ajin, iska na shiga ta fita, babu taku ɗaya na banza, amma ya tsaya a gefe kamar mai laifi. Yanzu kuma da ƙirƙirarriyar basira ta zo, cikin minti ɗaya mutum zai rubuta jimla biyu ta fito masa da falon da ya fi na mujalla kyau. Hoton da na'ura ke yi a minti ɗaya bai kamata ya ci rabin makin zango ba. Abin da na'urar ba za ta yi wa ɗalibi ba shi ne ta durƙusa ta auna tsayin gadon tsohuwa, ko ta ji daga bakinta cewa da dare tana tsoron duhun da ke tsakanin gadonta da banɗaki. A mayar da mafi yawan makin kan awo da lissafin kuɗi da dalilin kowane zaɓi.

A cikin dalilan nan har da na tsaron rai, wanda masu ƙawata ɗaki suka fi kowa saurin mantawa da shi saboda ana ganin aikinsu ado ne kawai. A watan Nuwamba na 1942 gobara ta tashi a wani gidan rawa mai suna Cocoanut Grove a birnin Boston, mutum 492 suka mutu. Yadin da aka lulluɓe silin da shi da itatuwan ado na bogi su suka yaɗa wutar cikin 'yan mintuna, babbar ƙofa mai juyawa ta cushe da mutane, wasu ƙofofin a kulle, wata kuma ciki take buɗewa. Bayan wannan ne aka tsaurara dokokin kayan ado masu kama wuta da na ƙofofin fita a wuraren taruwar jama'a. Duk takardar aikin da ba ta tilasta wa ɗalibi ya nuna ta ina mutane za su fita idan wuta ta tashi, da abin da labulensa da kushin ɗinsa da silin ɗinsa za su yi idan suka haɗu da wuta, ta bar shi da rabin sana'a.

Abu na ƙarshe da zan ƙara a takardar, wanda ban cika ganin ana yi ba, shi ne komawa. Idan an samu an aiwatar da gyaran ko da a ɗaki ɗaya ne daga cikin na ajin, to bayan wata shida ɗaliban su koma da tef ɗinsu da littafinsu, ko a tura 'yan ajin da ke bin su. Su duba ko teburin yana inda aka ajiye shi ko mai ɗakin ya ja shi kusa da taga. Su duba ko kantar da aka kafa ana ajiya a kanta, ko ta yi tsayi an bar wa ƙura, ko fentin ya jure hannun yara, ko an rataya tsumma a kan fitilar saboda tana kashe ido. Su rubuta duk abin da mai ɗakin ya sauya, su tambaye shi dalili, su kawo wannan rahoto aji a karanta shi kusa da zanen farko, a kuma ba shi maki daidai da na zanen.